Masarar da na shanya a bakin titin Ulaisha

Yanzu nakan manta inda na ajiye carbina, amma ranar da ɗana na fari ya daka min tsawa a tsakiyar birnin Riyad, wannan kam da ita zan shiga kabari. Bai taɓa yi ba kafin ranar, bai kuma sake ba, kuma duk lokacin da na tuna, ba haushi nake ji ba.

Mu manoman masara ne, can gefen Zariya. Wanda ya san masara ya san wahalarta ba a gona take ƙarewa ba. Ana karya ta ruwa bai gama ɗaukewa ba, in ka ɗure ta a buhu da danshi sai ta yi fumfuna, kaji ma sai sun yi yanga kafin su ci. Shi ya sa muke kai ta bakin kwalta mu baza, don kwalta na riƙe zafi. A wurin wannan shanyar ce wata shekara mai babur ya kwashe ni, ƙafata ta hagu ta karye. An ɗora ta ɗoru, sai dai ɗingishi har gobe. Da kaka ta zagayo na koma bakin titina, don masara ba ruwanta da wanda ya karye.

Ba a daɗe ba yaron nan ya tafi Saudiyya, ya samu tuƙin motar yashi a wuraren gine-ginen Dir'iyya, kusa da Riyad. Ya bar min matarsa da yara. Can sai ga wani ƙaton inji ya sa an kawo, wai na busar da hatsi ne, da iskar gas yake aiki. Muka gwada shi da tukunyar gas, kafin masarar ta yi nisa ya shanye tukunyar tas. Na ce a rufe shi da tamfol. Kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Shi kuwa mai injin, shekara ta bi shekara bai zo gida ba, har autarsa ta yi wayo ba ta san shi ba sai a waya.

Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na zama in yi ta surutu da shi. Haka aka rene mu. Abin da nake da shi ido ne, kuma ba ya kuskure min. Da kafilinsa, wato ubangidansa na can, ya taimaka aka yi min takardar ziyara na je, ya sauke ni gidan wani abokinsa mai iyali a unguwar Ulaisha cikin Riyad, nan na fara sa masa ido. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Takalminsa an ɗinke shi an sake ɗinkewa. In aka kawo shinkafa da kaza sai ya ce ya ƙoshi, amma matar gidan ta tsegunta min cewa kubus, burodin Larabawa, da shayi ne abincinsa safe da yamma. Na ce a raina, mutum na aiki kamar jaki, ba ya ci, ba ya sawa, ba ya zuwa gida, to ina kuɗin ke tafiya? Har na fara zargin ko wata ya ajiye a ɓoye. Allah ya yafe min.

Na taho masa da sabuwar masara daga gonarmu don in yi masa tuwon gida. Da na kwance ƙullin, hancina ya gaya min akwai danshi. Ran nan matar gidan ta kai ɗanta asibiti, saman benen gidan da zan iya shanya a kai kuma a kulle yake. Na leƙa waje, na ga kwalta sumul kamar faranti, ga rana irin wadda ban taɓa gani ba. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara ba. Na shimfiɗa zanina a gefen titin, na juye masara, na duƙa ina bazawa.

Wani dattijon Balarabe mai kanti ya fito yana ɗaga hannu yana cewa, "Ya Hajja, mamnu'u, mamnu'u!" Daga baya na ji cewa wai an hana yake nufi. Na ce masa, "Yauwa, sannunka da aiki," na ci gaba da abin da nake yi. Motoci na rage gudu ana kallona, ni ma ina kallonsu.

Ina cikin juya masarar sai na ji, "Inna! Tashi daga nan!" Kafin in ɗago an fizgi hannuna an haye da ni kan dakali. Shi ne, motar kamfaninsu ta sauke shi a tsallake. Yaron da ko idona ba ya iya kallo, ga shi ya riƙe ni kamar ɓarauniya.

Na ce, "Kai, ni kake wa tsawa a gaban Larabawa?"

Ya zauna a bakin dakalin ya rufe fuska da hularsa, ƙato da gemu, yana kuka. Mai kantin ya kawo mana ruwan sanyi ya koma kantinsa. Ni ma na zauna. Ranar na ajiye kunyar ɗan fari a gefe, na ce ya faɗa min inda guminsa ke tafiya.

Ya ce akwai babban bututun gas da aka binne ya bi ta kusa da garinmu. In aka ja reshe daga can zuwa gonarmu, injin zai yi ta aiki ba sai an sayi tukunya ba. Ya tambaya, aka lissafa masa: haƙa rami, bututun kansa, mita, takardun izini, ga diyyar masu gonakin da za a ratsa. Kuɗin ya ninka na injin ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Duk lokacin da na kusa cikawa, Inna, sai in ji kaya sun sake tashi. Sai in ce bari in ƙara shekara ɗaya."

Na ce, "Duk wannan a kan masara?"

Ya ce, "Wace masara? Ni na ɗauke ki daga kan kwalta ranar nan. Masara da jini a rigata har asibiti. Na rantse ba za ki sake duƙawa a bakin titi ba. Na baro gida saboda haka, yau kuma na zo na same ki a bakin titin Riyad."

Can na ce, "To ka taɓa buɗe baki ka ce in daina?"

Ya sauke hular ya dube ni da jajayen idanu. "Inna, wa ya isa ya ce miki ki daina abu? Baba ma, Allah ya jiƙansa, ta bayan gida yake bi."

Dariya ta ƙwace min, shi ma ya yi, da hawaye da komai. Na ce, "To saurara, sau ɗaya zan faɗa. Daga yau ƙafata ba za ta sake taka kwalta da sunan shanya ba, Allah ne shaida, wannan Balaraben ma shaida ne ko bai ji Hausa ba. Kai kuma in iƙamarka ta zaman ƙasar nan ta ƙare, kada ka sabunta. Ka zo 'yarka ta san ƙamshin ubanta."

Ya ce, "Bututun fa?"

Na ce, "Ya zo ya same mu in ya ga dama."

Shi ya tattara masarar da hannunsa. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na gartsa, ta ce ƙas. Na ce masa ka ga ikon Allah, ya ba mutanen nan gas, ya ba su rana, su da ba su da masarar shanyawa. Aka kai niƙa, na tuƙa tuwo da miyar kuka, ya ci ya ƙara, ban ji kalmar ƙoshi ba ranar.

Ya dawo gida kamar yadda muka yi. Bututun har yau bai iso ba. Ya zuba siminti a filin bayan gida, nan ake shanya, ni kuma ina kan kujera ina ba da umarni. Injin an kori kaji daga ƙarƙashinsa, in ruwa ya ƙi ɗaukewa sai maƙwabta su haɗu a sayi tukwanen gas a busar da ta kowa. Autarsa yanzu ba ta barin gefensa, har kishi nake yi.

Abin da na koya shi ne, ido kaɗai ba ya renon ɗa. Na ga ramarsa, na ga takalminsa, ban ga dalilinsa ba sai da na tambaya. Ya yi shekaru yana tara kuɗin abin da kalma ɗaya daga bakina ta biya masa. Ku iyaye irina masu tauri, ku riƙa tambaya, don ba ku san bututun da 'ya'yanku ke ja dominku ba.