Mushe Hamidu, wanda ya ja ni har kan Ganuwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina bakin sito a Guangzhou ana loda kwantena, saƙo ya shigo wai Mushe Hamidu ya rasu jiya a Filinge.

Shi ya koya muna tarihi a koleji; Mushe, daga Faransanci, haka muke kiran malamin boko a wajenmu. In faɗi gaskiya, lokacin ba na son shi. Akwai bulala, kuma bai taɓa ba ni maki na kirki ba. Ni ma ban taɓa yin karatun kirki ba.

Shekara tara ke nan ina ƙasar Sin, ƙafata ba ta taka gida ba. 'Yan gida in sun kira, waya suke so ko fitilar sola. Shi kaɗai ya taɓa kira don ya ji ko na je na ga Babbar Ganuwa. Na ce ban je ba. Ya yi tsaki ya kashe.

Bara sai ga shi, ya rako ƙanensa mai sarin kaya. Ya sa na ajiye aiki kwana biyar, ina ta ƙunƙuni, muka hau jirgin ƙasa.

Gwiwoyinsa sun gaji, da kafaɗata ya hau Ganuwar. Ya dafa dutsen. Can ya ce shekara talatin yana zana ta a allo miƙe kamar darni, ashe lanƙwasa take tana bin tsaunuka. Ya ce in ɗauki hoto da kyau, yana da yaran da zai ba haƙuri.

A Xi'an muka ga sojojin yumɓu da wani sarki ya sa aka binne kusa da kabarinsa. Da safe aka kawo muna kunun gero. Ya kurɓa, ya ce a gaya musu su zo yankinmu na Kurfai su koyi damu.

A tsohon masallacin garin muka yi azahar. Wani dattijo mai farar hula ya ce kakanninsa fatake ne, saye da sayarwa ya kawo su. Mushe ya ce in tambaye shi sunan garinsu na asali. Dattijon ya yi dariya, ya ce babu wanda ya sani.

Mushe ya dube ni. "Ka ji ko, Sani? Kakan wanga ma baɗi ya ce za shi gida."

Raina ya ɓaci. Na gaya mishi yayyena sun sayar da gonar babanmu a Tabla ba su ko shawarce ni ba. Bai kare su ba, ya ce sun yi zalunci. Sannan ya ce, "Amma Inna ba ta sayar da komi ba. Duk ran kasuwa tana bakin tasha tana duban hanyarka."

A filin jirgi na yi mishi alkawarin zuwa bayan damina. Damina ta wuce, ban je ba. Bai sake yi mini maganar ba, gaisuwa kawai yake aikowa.

Ɗazu na yanki tikiti. Na kira Inna na gaya mata. Jana'iza ta wuce ni, amma in sha Allah da ni za a yi sadakar arba'in.

Na gode, Mushe. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya ba iyalinka haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi cikin addu'a, ya kuma roƙa mini Allah ya kai ni in iske tsohuwata da rai.