Ranar da Ya Falmata Ta Taka Benci a Kasuwar Litinin

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata, Ya Falmata, mai sayar da atamfa a Kasuwar Litinin. Ba ta taɓa shiga aji ba, ni aka kai boko har na zama malamar makaranta. Amma yadda ake juya jama'a da baki, a rumfarta na gane shi.

Lokacin mulkin farar hula ne, zaɓe ya matso. Wata safiya ina tare da ita a rumfar, sai mota mai lasifika ta tsaya a bakin layinmu. Wani mutum cikin babbar riga ya fito yana raba takarda mai hoton wata mata zaune cikin toka, ta ɗora hannu a ka. Ya ce mutanen kudancin Borno ne suka ƙona mata ɗaki, jam'iyyar da suke bi ce ta sa su. Bai faɗi sunanta ba, bai faɗi unguwarta ba. Sai maimaitawa yake: "Uwarku ce! Yau ita, gobe ku!" Ni kaina, duk da karatuna, sai da na share hawaye.

Rumfar da ke jikin tamu ta Maman Ladi ce, Kirista daga kudancin Borno, wadda ta daɗe tana cin abincin rana a kwano ɗaya da yayata. Na ga ta fara naɗe kayanta, domin mutane sun fara juyowa suna kallonta.

Ya Falmata ta karɓi takardar, ta ƙura mata ido, sannan ta taka benci.

"Alhaji, wannan ai Ya Kaltum ce ta unguwar Shehuri. Risho ne ya kama da wuta a ɗakinta bara. Ni da kaina na kai mata zane washegari. Wa ya ba ka hotonta?"

Mutumin ya ce mai kishin addini ba ya tsayawa tambaya a irin wannan rana.

"To ni zan tsaya," in ji ta. "Saurin me kake yi? Mu je Shehuri yanzu, ni da kai, mu ji daga bakinta."

Bai je ba. Ya shige mota yana zage-zage, taron ya watse, Maman Ladi ta zauna a ƙasa tana kuka.

Yayata ta ɗanɗana kuɗarta. Aka sa mata suna munafuka, wasu maƙwabta suka daina amsa gaisuwarta, har yayan mijinta ya zo gida ya ce ta je ta ba da haƙuri. Ta ƙi. Bayan ya fita ta ce da ni, "Hajja, duk wanda ya sa ki kuka kafin ya gaya miki abin da ya faru, ba ya so ki san abin da ya faru."

Yanzu soja ke mulki. Rediyo na ta waƙar cewa mutum ɗaya ne kaɗai zai iya riƙe ƙasar nan, wanda ya musa kuma maƙiyin zaman lafiya ne. Da tana raye, na san za ta tambayi wa ya shirya waƙar, kuma me yake tsoro.

Makon jiya, a taron matan unguwarmu a Jiddari Polo, shugabarmu ta miƙo mini takardar goyon bayan mutumin da rediyo ke yi wa waƙa. "Malama Hajja, duk matan Borno sun sa hannu, ke kaɗai ake jira."

Na ce in duk sun sa, nawa hannun ba zai ƙara komai ba. Na mayar mata da bironta. Tun ranar ba a sake gayyatata taro ba.

Ya Falmata ba ta bar ɗa ba, rumfarta ma wani ne a ciki. Ta dai bar ƙanwar da ba a kora ta kamar akuya zuwa inda ba ta sani ba. Allah Ya jiƙanta. Su kuma masu takarda, su nemi wata ƙofar.