Wuyana a hannun Bakura

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakura mai aski ya rasu.

Da safen nan Mista Ishaku, maƙwabcina tsohon akawu, ya kira ni ina tsaka da shan shayi. Ya ce, "Malam, zauna tukuna." Na ce a zaune nake. Ya ce jiya da hantsi Bakura ya je taya mahaifiyarsa roron wake a bayan Konduga, mutanen daji suka riske su. Sun ƙyale matan da ke gonar. Shi kuwa sun gane shi.

Shayin na nan gabana har yanzu.

Wasunku sun san shi ne da sunan da ba a faɗa sai an rage murya, "yaron nan da ya dawo daga daji". Ni na san shi kafin nan. Ɗalibina ne a aji huɗu, lokacin ina koyarwa a firamare a Konduga. Ɗan siriri mai manyan kunnuwa, wanda lissafin gidan bakwai ya gagara. Ka tambaye shi bakwai sau takwas har sau uku, amsa uku zai ba ka, kowacce da cikakken yaƙini.

Yana shekara goma sha ɗaya aka tafi da shi. Na yi ta sa masa alamar bai zo ba a rajista, har ranar da mu ma malaman muka daina zuwa, muka kwaso kaya muka shigo Maiduguri.

Shekara biyar ya yi a can. An ba shi bindigar da ta kusa kai tsayinsa. Abin da aka sa shi ya yi da ita ban taɓa tambayarsa ba. Da ya gudo aka tsare shi, aka tantance shi, aka koya masa aski, aka ba shi kilifa da kujera da madubi, aka ɗauki hoto. Abin da aka manta a ba shi su ne kawunan da zai aske.

Ya buɗe shago a Mairi. Wata biyu ina ganinsa yana share dakalin da babu silin gashi ko ɗaya. Mutane kan tsallaka titi su yi layi wurin wani mai askin. Ni ma wucewa nake yi. Na karanta littattafai barkatai kan yaƙi da yafiya, har lacca nake yi wa abokai a majalisa, amma ƙafafuna ba su karanta ko ɗaya ba.

Wata Juma'a dai na shiga. Ya miƙe ya gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Malam." Na cire hula. Ya dubi sanƙona ya daɗe.

"Malam, me zan aske a nan?"

"Ka nema. Aikinka ne."

Minti biyu ya gama da kilifa. Na ce saura gemu da wuya, da reza. Ya ce ba ya amfani da reza. Na nuna masa ita a kan kanta, ko buɗe takardarta ba a yi ba. Sai ya rage murya.

"Malam, ba ka san ni ba ne?"

"Na san ka mana. Bakwai sau takwas?"

"Hamsin da huɗu."

"Kai ne. Ɗauko rezar."

Ba zan yi muku ƙarya ba, da na ji sanyin ƙarfen a maƙogwarona sai da na karanto duk addu'ar da na iya. Ya gama ko ƙwarzane babu. Ya zagaya bayan shago ya jima, ya dawo da jajayen idanu, wai hoda ce ta shiga.

Tun daga ranar ban fasa Juma'a ba, shekara shida. Uwargida har ta gaji da tambayata wai me ake askewa.

Lokacin da ƙafa ta kwantar da ni, har gida ya riƙa zuwa da jakarsa. Ya aske ni, ya gyara min rediyo, ya zauna ya saurari surutuna kan siyasar duniya kamar yana fahimta.

Madubinsa kullum a karkace yake, don ya riƙa hango ƙofa. Ranar layya kulle kansa yake yi a shago har a gama yanka. Nama ma ba ya ci.

In aka kawo masa yaro yana kuka, ba ya yarda a danne masa kai. Sai ya kashe kilifa ya ba shi alewa. Na taɓa ce masa yana ɓata wa uban lokaci. Ya ce, "Malam, yaro in ya ce a'a, a bar shi."

Mista Ishaku ƙaninsa aka kashe a kan hanya a waɗancan shekarun. Shekara guda ya yi ba ya amsa gaisuwar Bakura. Ran nan sai ga shi ya shigo, ya zauna, ya ce, "A rage gefe." Daga baya har jikokinsa yake kawowa.

Juma'ar da ta wuce ina kan kujera, kumfa a fuskata, aka wuce da gawa ta gaban shago, jama'a maƙil. Bakura ya tsaya da reza a hannu har suka ƙule.

"Malam, in tawa ta zo, wa zai zo?"

Na ce ai ni zan riga shi, shi zai ɗauke ni. Bai yi dariya ba.

"Sahu uku ake so, ko? Ga kai, ga liman. Mista Ishaku kuma Kirista ne, ba ya shiga lissafi."

Na ce, "Dama lissafi ba fanninka ba ne."

Ya ɗan murmusa, ya ce, "Da gaske nake, Malam."

Na ce zan zo. Iyakar abin da na iya yi masa alkawari ke nan, duk karatuna.

To ga ta ta zo. Waɗanda suka ɗauke shi yana yaro sun kashe shi don ya bar su. Mu kuma mun tsallaka titi don ya taɓa zama cikinsu. Na gaji, wallahi. Ko fushin ma ba ni da ƙarfinsa yau.

Na san cikinku akwai wanda ya binne uba, akwai wanda ko gawar bai gani ba. Ban ce kowa ya manta ba, ba ni da wannan bakin. Ku dai dubi ɗanku ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda har yanzu sai an tuna masa ya wanke hannu.

Za a yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidan mahaifiyarsa, Ya Falmata, nan Mairi. Mista Ishaku tuni ya tafi maƙabarta da shebur. Ya ce min, "Sahu naku ne, Malam. Haƙa kuwa na iya."

Kada ku danna alamar kuka a waya ku wuce. Ku sa takalmi. Sahu uku kawai ya nema.

Allah Ka jiƙan Bakura, Ka yafe masa, Ka tambayi waɗanda suka ɗora masa bindiga. Ka ba Ya Falmata haƙuri. Yaran da ke can har yanzu, Ka dawo da su, Ka sa su tarar da ƙofa a buɗe. Wanda ba zai samu zuwa ba, don Allah ya ɗaga hannu ya ambaci sunansa. Bakura.