Taken Kakana da Sunan Idi

Yau shekara bakwai ke nan da muka binne abokina Idi a nan Alƙahira, kuma har yanzu ban daina kishinsa ba. Na san ba a faɗar haka a kan mamaci. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.

Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Darrasa muna karatu. Shi ɗan gidan malamai ne, ni kuwa jikan makaɗin gangar noma, abin da na ɓoye wa kowa tun ranar da na sauka. Wata rana ya haɗu da wata malamar kiɗa 'yar ƙasar Finland a shagon littattafai. Ta ba shi labarin yadda mutanen yankinsu suka tono kiɗe-kiɗen rawar kakanninsu daga tsofaffin takardu da bakin dattawa, har matasa suka koma takawa. Shi ke nan, Idi ya samu abin yi. Ya shiga bin tsofaffin Hausawan Sudan a unguwar Arba wa Nus, waɗanda iyayensu suka taho da ƙafa kan hanyar Makka, yana naɗar taken manoman da ya rage a bakinsu.

Ran nan ya kunna mini wani, nan take na gane shi. Taken da kakana ya tsara wa sarkin noman garinmu ne. Tsohon da ya rera ya manta yadda ake sauke kiɗan, sai Idi ya liƙa masa tasa saukar.

"Malam, ka taɓa jin wannan a wajenku?"

"Mu gidanmu ba a san kiɗa ba," in ji ni.

Ya ce ma'alish, wato ba komai, bai ƙara tambayata ba.

Yanzu babu bikin 'yan Arewa a unguwar Ard al-Liwa da za a watse ba a kaɗa shi ba, kuma Taken Idi suke ce masa. Nakan zauna a gefe ina cin shinkafar biki da ƙyar, ina jin suna tafa wa gurguwar sauka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma sanin haka bai taɓa sanyaya mini rai ba. Da Idi zai leƙo yau, na tabbata dariya zai yi wa sunan, don bai taɓa cewa nasa ba ne.

Watan jiya ƙaninsa ya kawo mini littafin da yake rubuce-rubucensa. A ƙarƙashin wannan taken ya rubuta: "Saukar gaskiya tana wajen abokina. Yana kaɗa ta da yatsu a kan tebur duk lokacin da yake bitar karatu. Zan jira shi."

Ya jira har ƙasa ta rufe masa ido. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, don haka Juma'ar nan zan je in koya wa makaɗan saukar, in faɗa musu jikan wane ne ni. Sunan kuwa su bar shi yadda yake. Kakana ya tsara, ni na ɓoye, Idi ne ya riƙe.