Safar Hannun Bahago

Ni ne ban kyauta ba, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani daga cikin 'yan ɗakinmu ya riga ni ya ƙara gishiri.

A unguwar Mansura ta birnin Doha muke zaune, ɗaki ɗaya mai gadaje hawa biyu, dukkanmu direbobi ne da masu gadi. Ni direba ne daga Gusau. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma a ɗakin nan ni ke ba da fatawa kan ƙwallon ƙafa. Ko a filin unguwa ban taɓa jefa ƙwallo a raga ba, sai dai in ana kallon wasa, daga kan katifata nake gaya wa koci wanda zai cire.

A gadon da ke ƙasa da nawa akwai wani ɗan zangon Kumasi, mai gadin dare a wani rukunin gidaje ta wajen Old Airport. Mutum ne mai sanyin hali, bahago, “Massa” yake kirana, wato oga a bakin mutanen Ghana. Laifinsa ɗaya a wurina, besbol yake kallo. Tun yana firamare wani malami baƙo ya koya musu wasan, da zai koma ƙasarsu kuma ya bar masa safar hannu ta fata, irin mai faɗin nan da ake cafe ƙwallo da ita. A ƙarƙashin filonsa take kwana. Yakan shafe ta da man kaɗe kamar mai gyaran jariri. Tun zuwansa Doha bai sami ko wanda zai jefa masa ƙwallo ba, ya kuma sha faɗa cewa da zai sami fili ya buga sau ɗaya kafin kwantiraginsa ya ƙare, da ya gode wa Allah.

In ya dawo daga aiki da safe, ni ina neman takalmina, sai ya kunna waya ya fara ba ni labarin gwaninsa. Na zaci zai zaɓi ƙaton nan mai dukan ƙwallo har ta fice daga fili. A'a, gwaninsa shi ne wanda ke tsugunne bayan mai duka, fuskarsa cikin ƙarfe kamar kejin kaji. Ya ce mutumin yakan wuni a kan gwiwa, ƙwallo ta dake shi a ƙirji ya miƙe ya ci gaba da wasa. Shi ke nuna wa mai jifa da yatsu irin jifar da zai yi. In mai jifa ya rikice, sai ya taka wurinsa, ya rufe baki da safa, ya raɗa masa magana ɗaya, hankalinsa ya dawo. In kuma aka ci wasa, mai jifa ake ɗagawa sama, shi ya tafi tattara kayansa.

Ni kuwa na ce wasan masu rigar barci ne, mutum ya tsaya yana tauna cingam yana tofar da yawu a biya shi. Ranar da na ji cewa har da abin da suke kira sata a ciki, wato a sulale daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai na tara ɗaki na sanar cewa an samu wasan da ake yi wa ɓarawo tafi. Aka yi ta dariya. Shi dai murmushi ya yi ya sa abin kunne.

Ana nan sai kamfani ya ba ni sabon maigida, wani injiniya ɗan Venezuela. Muna cikin cunkoso na ji irin hayaniyar da na saba ji a gadon ƙasa tana fitowa daga wayarsa. Duk direba ya san wanda maigida ke so ba ya kwasar leburori da tsakar rana. Nan take na ce ai ni besbol ne rayuwata. Ya tambaye ni gwanina. Na juye masa duk abin da ɗan Kumasi ya taɓa faɗa, tun daga gwiwa har zuwa raɗar. Mutumin ya dafa kafaɗata ya ce bai taɓa haɗuwa da mai zurfin fahimta irina ba. Na sunkuyar da kai na ce baiwa ce.

Sai ya ce shi da abokansa suna bugawa da safiyar Juma'a, kullum kuma ba sa cika, in zo, in ma na san wani in kawo shi. A nan ya kamata in ambaci ɗan Kumasi. Na ce a iya sanina ni kaɗai ne ɗan Afirka a Doha mai wannan ilimi.

Kunya ta hana ni tambayar mai gadon ƙasa yadda ake bugawa. Amma akwai wani filin ajiye motoci kusa da mu inda 'yan Pakistan da Sri Lanka ke dukan ƙwallo da katako in rana ta yi sanyi. Na ce sanda ai sanda ce. Na riƙa tsayawa ina nazari da hannu a baya kamar sufeto, har na haddace komai. Ban san kurket suke yi ba, wani wasa ne daban.

Ranar Juma'a ɗan Kumasi ya dawo daga aiki ya shiga wanka. Na ɗaga filonsa, na cusa safar a leda, na fice.

A fili aka tura ni can baya. Safar ta ƙi shiga hannun hagu, sai na sa ta a dama. Da ƙwallo ta gangaro, na tare ta da ƙafa bisa al'ada, sannan na tsaya cire safa don in samu hannun jifa, kafin in gama mutum ya zagaye fili yana shan ruwa. Da aka zo kaina a duka, na kai wa iska sara har kafaɗata ta amsa. Can Allah ya sa ƙwallo ta taɓa sandar. Sai na yi yadda na gani a filin motoci, na riƙe sanda gam na nufi mai jifa a guje. Dattijo ne mai tumbi, da ya ga baƙin mutum da kulki ya nufo shi sai ya yar da hula ya arce. Na taɓa inda yake tsaye da sandar, na juyo, na sake komawa. Ina jin ihu da yarensu na ɗauka kirari ake yi mini.

Maigida ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Da ya sami numfashi, ya ɗauki safar, ya juya ta, ya shinshina man kaɗen.

“Ta wa ce wannan? Mai ita bahago ne, kuma yana ƙaunarta.”

Na faɗi gaskiya, har da cewa gwanin ma aro na yi. Ya ce khalas, wato shi ke nan, mako mai zuwa in kawo mutumin, ni kuma akwai kular ruwa da ke bukatar mai ɗauka.

Na iso ɗaki ana shirin masallaci. An kifar da katifar ɗan Kumasi ana neman safar, kowa ya zazzage jakarsa a ƙasa don ya wanke kansa. Shi yana zaune a bakin gado, bai runtsa ba bayan tsayuwar dare, bai kuma zargi kowa ba. A hanya na shirya in jefa ta bayan gado in taya su nema, ni in gano ta. Amma a gaban mutanen nan na mai da shi abin dariya, don haka na fito da ita daga leda, na durƙusa a gabansa kowa na kallo.

“Ɗan'uwa, ni na ɗauke ta. Na saci safarka, na saci gwaninka, na ɓoye maka filin da kake roƙon Allah ya ba ka. Juma'a mai zuwa suna jiranka, ni zan kai ka, ni zan riƙe maka ruwa. Don Allah ka yafe mini.”