Baƙin da Auta Ya Bar Mini a Ruwan Gishiri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, ƙanin marigayi maigidana, ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, a asibiti. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe yana jinya ba.

Auta, ba zan ce kai waliyyi ne ba. Ga taurin kai, ga surutu. Amma da wanka, maigidana, ya rasu dangi suka watse, kai ne ka tsaya. Kai ka gyara mini famfo, kai ka hau rufi da damina da wannan gwiwar taka mai ciwo, kai ka kai ni wajen likitan ido ka zauna a benci har aka gama. Ban taɓa gode maka ba, don na san kanka zai kumbura.

Abu ɗaya na kasa gane maka, kifin nan. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injin jirgin ruwa, ya ajiye aiki, maimakon ya huta sai ya kwaso teku ya kawo falonsa. Akwatin gilashi, duwatsu, fitila, da wani inji mai gurnani. Na ce maka, "Wannan ko miya ba zai yi ba." Ka ce, "Uwargida, ke duk abin da ya motsa tukunya kike hango masa."

Dab da za ka kwanta ciwo ka sayo sababbi biyu, ɗaya rawaya, ɗaya mai ratsi-ratsi. Suka shige bayan dutse suka ƙi cin komai. A gadon asibiti, da robar iska a hancinka, ka riƙe mini gefen mayafi.

"Uwargida, baƙina ba su ci ba. Kada ki bari yunwa ta kashe su."

Na ce, "Ga matarka, ga 'ya'yanka."

Ka ce, "Amarya tausayi ya yi mata yawa. Ke ce ba ki da shi."

Amaryar da furfura ta gama rufe mata kai! Sai ka shiga yi mini karatu. Wai kifin teku in ya baƙunci wuri, tsoro ne ke hana shi ci. A rage haske. A yanka jatan lande ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a shafa tafarnuwa don ƙamshi, a saka kaɗan, a ja baya. Abin da suka bari a kwashe, kada ruwa ya ɓaci. Na ce to. Ni kuwa in na ce to, to ne.

Da aka kai ka, falon ya cika da mata masu gaisuwa. Fitila a kunne, jikoki na ƙwanƙwasa gilashi. Kowace ta leƙa sai ta ce, "Wayyo, marayu!" ta marmasa musu biskit. Da alheri suka yi, na sani. Ruwa ya yi fari fat. Rawayan ya taso, ciki sama. Da cokali na kwashe shi.

Na ce kowa ya tashi ya koma ɗaya ɗakin. Yayar matarka ta ce, "Haba Yaya, a kan kifi za ki kori masu gaisuwa?" Na ce, "Mamacin ne ya aiko ni. In kina da magana ki je ki same shi." Har yau ba ta amsa sallamata.

Babban ɗanka ya haɗa sabon ruwa da gishirinka na musamman, na lulluɓe gefen gilashin da zane. Tun ranar ban zauna ba. In tafi gida, in kasa cire takalmi, in dawo. In saka abinci, ya nutse, in kwashe. Ina salla ina tunanin kifi. Allah ya yafe mini, kai ka jawo.

Ita ma Amarya ba ta ci. Kowa na tsaye a kanta da kwano, "Ci mana, daure mana." Na san wannan, ni ma an yi mini. Jiya da safe na jawo ta falon, na rufe ƙofa, na ajiye shayi da yankin burodi a gefenta. Na saka wa mai ratsin nasa, na koma nesa na juya mata baya. 

Can kifin ya leƙo daga bayan dutse. Ya koma. Ya sake fitowa ya cafke, ya tofar, ya kuma cafkewa ya haɗiye. A bayana na ji cokali yana taɓa kofi. Ban waiwaya ba.

To Auta, ɗaya ya mutu, ɗaya ya ci. Ban ɓoye maka ba. Yau ma ya ci, amma hankalina bai kwanta ba tukuna, har yanzu cikinsa a lafe yake.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabari, ya haɗa ka da wanka a Aljanna. Amarya, ki yi haƙuri, zafin ba ya tafiya amma yana sauƙi. 'Ya'yansa da jikokinsa, Allah ya ba ku dangana, ku riƙe uwarku. Mu da muka rage, in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Amin.