Gayyar Makaɗi

A gidanmu na 'Yandoto, da an idar da sallar magariba muke zagaye murhun kakata Inna Kulu, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ni ne sarkin surutu, kowa na biye mini. Sai ta ɗaka min duka da mafici ta ce, "Kai mai farin jini, rufe baki, ga wata tatsuniya nan tafe gare ku."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani makaɗin gayya. Duk gonar da aka kira jama'a aikin taimako, shi ke tsayawa a bakin kunya yana kiɗa, manoma na zuba gumi suna dariya. Garin nan kaf ba wanda ba ya sonsa. Amma bai taɓa sunkuyawa da fartanya a gonar kowa ba. Shekarar da ciyawa ta cinye tasa gonar, sai ya kira gayya. Gari ya fito kwansu da kwarkwata, kowa da rigar kwalliya, ba mai fartanya ko ɗaya. Kiɗa suka zo ji.

"To mi ya ci da rani, Inna?" in ji ni.

"Tafi ya ci, ɗan nan," ta ce. "Tatsuniya ta ƙare, a tashi."

Wallahi dariya na yi a lokacin.

Yau ni kamasho ne a tashar mota a Gusau. Daga direbobin Tsafe har na Bunguɗu, ba wanda zai wuce bai tsokane ni ba. Ɗiyata Rabi ma ta ce a makaranta an koya musu cewa kalmar Turanci ta farin jini, fofula, daga tsohon harshen Rumawa ta fito, asalinta jama'a ke nan. Ta ce, "Baba, ai kai suke nufi."

Bana geron mahaifina ya nuna, shi kuma ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Abincin gidan na shekara ke nan, tsuntsaye sun sauka a kansa, hanya kuma ba lafiya, ba mai zuwa sai cikin taro. Na bi tasha mutum-mutum ina roƙo a zo min gayyar girbi, har da hawaye. Suka fashe da dariya. "Kai Sani, wannan sabon barkwancin ya yi! Kai da gona?"

Na rantse, na sake rantsewa, dariyar ta ƙaru. Ashe duk zaman nan ban taɓa tura motar wani ba, ban taɓa ɗaukar wa kowa buhu ba. Baki kawai na ba su.

Safiyar girbin na tsaya gaban motar da na aro, kujeru wayam. Tsoro ya kama ni, na rasa wanda zan kira. Rabi ce ta fito da magirbi biyu, ta miƙo min ɗaya.

"Baba, ina jama'ar?"

Na ce, "Shiga mu tafi."